Na gama rubuta littafina: in kai wa gidan wallafa ko in buga da kaina?

Waɗannan tambayoyi ne da sababbin marubuta ke yawan yi a nan Yamai, wasu a zaman marubuta, wasu ta waya daga Tawa, Ƙonni da Maraɗi. An tara su wuri guda don kada a yi ta maimaita amsa. Galibinsu sun shafi mai rubutu da Hausa, amma mai Faransanci ma ba zai tashi hannu wofi ba. Duk lissafin kuɗin da za a gani a ƙasa misali ne kawai, domin farashin takarda ba ya kwana wuri ɗaya.

Mene ne ainihin bambancin hanyoyin biyu?

Abu uku ne: wa ke fitar da kuɗi, wa ke ɗaukar asara in littafin ya ƙi tafiya, kuma haƙƙin littafin yana hannun wa.

Idan gidan wallafa ya karɓi rubutunka, shi zai biya mai tacewa, mai tsara shafuka, mai zanen bango da maɗaba'a, shi kuma zai kai littafin kasuwa. Kai ba ka fitar da ko dala. A madadin haka ka ba shi iznin bugawa da sayarwa na wani lokaci, yana ba ka kaso daga cinikin. Idan kuwa da kanka za ka buga, duk waɗannan ayyuka sun dawo wuyanka, kuɗin ma daga aljihunka, riba taka, asara taka, haƙƙin kuma bai bar hannunka ba.

A kula, maɗaba'a daban, gidan wallafa daban. Maɗaba'a inji ne da tawada: ka kai aiki, ka biya, a buga, a ɗaure maka a kwali. Ba ruwanta da ko labarin yana da daɗi, ba ruwanta da ko za a saya.

Wani kamfani ya ce ya karɓi littafina, amma sai na biya wani abu. Haka ake yi?

Ana yi, kuma a nan ne sababbin marubuta suka fi shan wuya. Wannan hanya ce ta uku, wadda a takardun Faransanci ake rubuta ta da «compte d'auteur», wato a kuɗin marubuci. Wallafa ta gaskiya ita ce «compte d'éditeur». Nemi waɗannan kalmomi a cikin yarjejeniyar tun kafin ka karanta sauran.

Biyan kuɗi don a yi maka aiki ba laifi ba ne. Mutumin da ba shi da lokacin zirga-zirga tsakanin mai zane da maɗaba'a yana iya biyan wanda ya san kan aikin ya haɗa masa komai. Amma in kai ka biya, dukkan kwafin naka ne, haƙƙin ma naka ne, shi ɗan kwangila ne kawai. Inda abin ke lalacewa shi ne a karɓi kuɗinka, a kuma sa ka sa hannu ka sallama haƙƙi na shekara da shekaru, sannan a ba ka kwafi 20 a ce sauran suna «wurin rarrabawa». Ka biya kamar mai buga wa kansa, ka rasa iko kamar wanda aka ɗauki nauyinsa.

Wani lokaci ba a fitowa fili a ce ka biya. Sai a ce dole ka sayi kwafi 50 ko 100 na littafinka, ko a ce ba ka da kaso sai an sayar da ɗaruruwan farko. Wasu gidajen wallafa na Faransa da ke karɓar rubutun ƴan Afirka da sauri haka suke yi. Littafin zai fito da adireshin Paris a bango, abin alfahari, amma ka tambayi kanka nawa zai kai in ya iso Yamai. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ke nan littafin yuro 20 ya haura jaka 13 tun ba a sa kuɗin jirgi ba. Malamin makarantar da ka rubuta labarin dominsa zai iya saye?

Tambaya guda takan warware zancen: «In ba a sayar da ko kwafi ɗaya ba, wa ya yi asara?» In amsar kai kaɗai ce, to kai ne mai wallafar, ko sunan wa ke bango.

Akwai gidajen wallafa a Nijar da ke karɓar rubutun Hausa?

Akwai, amma ba su da yawa, kuma yana da kyau ka san abin da ke ciyar da su. Gashingo a nan Yamai ta yi suna wajen buga littattafai cikin harsunan ƙasa, musamman na yara da na makaranta. Kafin ita, a farkon shekarun 2000, an yi Albasa, wadda ta fitar da littattafai cikin harsunan gida da tallafin wani shirin ilimi na Jamus. INDRAP kuwa hukumar gwamnati ce da ke shirya littattafan koyarwa.

Duk ukun igiya ɗaya ta ɗaure su da makaranta. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, a Damagaram, kuma tun daga lokacin babban mai sayen littafin Hausa a ƙasar nan shi ne ma'aikatar ilimi da ƙungiyoyin yaƙi da jahilci, ba mutum ɗaya da ya shiga kanti da kuɗinsa ba. Waɗanda suka iya karatun boko cikin manya ba su kai rabi ba, kuma da yawansu da Faransanci suka koya, sai ka ga mutum Hausa ce a bakinsa tun yana goye amma yana tuntuɓe in ya zo karanta ta.

Saboda haka in abin da ka rubuta tatsuniya ce ta yara, ko ɗan littafi mai sauƙin jimla kan lafiya, noma, kiwo ko tarihin gari, ƙofar gidan wallafa ta fi sauƙin buɗewa. In kuwa labarin soyayya ne mai shafi 300, ko tarin waƙoƙi, kada ranka ya ɓaci in an ce a'a. Sau da yawa ba rubutun aka raina ba, ba su ga wanda zai sayi kwafi 1,000 a dunƙule ba ne.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Marubuta sun yi murna, kuma da dalili. Sai dai doka ba ta sayen littafi. Kada ka ci bashi ka buga kwafi dubu biyu kana jiran odar gwamnati da ba a yi maka alkawarinta a rubuce ba.

Ai marubutan Kano da kansu suke bugawa, kuma sun yi suna. Me zai hana mu yi haka?

Babu abin da zai hana, in dai an dubi abin da ya sa tasu ta yi tafiya.

Ƙagaggen labarin Hausa na boko daga hannun hukuma ya fara. Gasar da Baturen ilimi Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da sauran littattafan farko, daga baya kamfanin wallafa na NNPC da ke Zariya ya riƙe ragamar. Da tattalin arzikin Nijeriya ya tsuke a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, sai matasa, da yawansu mata, suka shiga buga nasu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, yana cikin waɗanda suka nuna cewa marubuci zai iya kai littafinsa ko'ina ba tare da babban kamfani ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba bugu kaɗai suka yi ba, kasuwa suka gina. Takarda mai araha, littafi siriri da ake raba shi kashi na ɗaya, na biyu, na uku don farashin ya yi daidai da aljihun ɗaliba da matar aure. Ga dillalai a kasuwannin Kano da ke saye da yawa suna turawa garuruwa, har nan Nijar. Ga masu ba da hayar littafi a unguwa. Ga rediyo da ke karanta labaran. Wannan sarƙa ce ba mu da irinta a Yamai, kuma ko a can waya ta ci rabinta.

Sun kuma biya farashin saurin da suka yi: kurakuran rubutu, shafi da ya ɓace, labarin da aka ja don kawai a samu kashi na huɗu. A ɗauki dabararsu ta kasuwa, a bar musu wannan.

Wace hanya ce ta fi kawo kuɗi?

Mu yi lissafi. A ce littafinka za a sayar da shi jaka 3.

A gidan wallafa, kason marubuci yakan tsaya tsakanin kashi 5 da kashi 10 cikin 100 na farashi. Mu ɗauki 10: sefa 300 ke nan a kowane kwafi. In an sayar da 500, ka samu 150,000. Kaɗan ne, amma ba ka zuba komai ba.

Yanzu ka buga da kanka. A ce maɗaba'a ta yi maka kwafi 500 a kan 1,200 kowanne, 600,000 ke nan. Tacewa, tsarin shafi da bango a ce 150,000. Jimla 750,000, wato kowane kwafi ya tsaya maka a 1,500. In hannu da hannu ka sayar, ribarka 1,500, ninki biyar na abin da kamfani zai ba ka. A nan mutane ke tsayawa da lissafi su ruga maɗaba'a.

Ci gaba. Mai kanti yana karɓar kashi 30 zuwa 40. A ce 35: ya cire 1,050, ya ba ka 1,950, ribarka ta koma 450. Sannan ga kwafin kyauta. Iyaye, surukai, malaminka na lakwal, ɗan jarida, mai gidanka a wurin aiki, abokin da zai ce «haba, ni ma sai na saya?» Kafin ka farga 50 sun tafi. Don kawai ka maido uwar kuɗinka, sai ka sayar da 250 hannu da hannu, ko 385 ta kanti. Ribar tana cikin ɗarin ƙarshe, kuma ɗarin ƙarshen nan ne ya fi kowanne wuyar fita.

A ganina, wanda ke da masu sauraro tun kafin littafi, kamar malami mai ɗalibai, mai wa'azi, mai shiri a rediyo, ko marubuciyar da dubban mutane ke bin labarinta a waya, bugun kansa ya fi masa. Wanda ba shi da kowa sai rubutu mai kyau, ya fara ƙwanƙwasa ƙofar masu wallafa.

Kwafi nawa ya kamata in fara da shi?

Ƙasa da abin da zuciyarka ke raya maka.

Injin bugu iri biyu ne. Babban inji mai faranti yana da tsadar tashi, domin sai an yi faranti an daidaita tawada, amma da ya kama gudu kowane kwafi sai ya yi araha. Shi ya sa mai maɗaba'a zai ce maka 1,000 ta fi 500 sauƙi, kuma gaskiya ya faɗa in ana maganar kwafi ɗaya-ɗaya. Ƙaramin inji mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta kuwa kwafinsa ya fi tsada, amma kana iya buga 50 ko 100, su ƙare, ka gyara kurakuran da masu karatu suka nuna maka, ka sake. Ga littafin farko wannan ya fi kwanciyar hankali. Kwalin littafi da ke jibge a ɗaki yana da abokan gaba: gara, ƙura, da danshin damina.

Wata ƴar dabara: babban inji yana buga shafuka ne a dunƙule, galibi 16 a kan babbar takarda ɗaya. In littafinka shafi 130 ne, matse shi ya koma 128.

Dole ne in biya mai tace rubutu? Ai Hausa harshena ne.

Dole ne, ɗan'uwa. In ma kuɗin bai isa komai ba, rage yawan kwafi ka biya mai tacewa. Jin harshe daban, ƙa'idar rubuta shi daban, kuma ido ba ya ganin kuskuren da hannun mai shi ya yi.

Wannan ne babban abin da gidan wallafa na kirki ke ba marubuci, ya ma fi kuɗin bugun daraja: mutum da zai ce maka babi na uku bai da amfani, ko wannan baiwar Allah da ka kashe a shafi na 40 ta dawo tana magana a shafi na 90. In da kanka kake bugawa, sai ka nemo wannan mutum. Sashen nazarin harsuna na jami'ar Abdou Moumouni, tsofaffin malaman makarantun harshe biyu, da ma'aikatan yaƙi da jahilci, duk wurare ne da ake samun waɗanda suka san ƙa'ida. Kada ka ba amininka, zai ce «ma sha Allah» ya maido maka.

Akwai shawarar da za ka yanke tun farko. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999, tana amfani da ƴ, a Nijeriya kuwa 'y ake rubutawa. In makarantun nan gida kake hari, bi ta gida. In kasuwar Kano da Sakkwato kake so, ka san da abin da idonsu ya saba. Ko wacce ka ɗauka, riƙe ta daga bango zuwa bango.

Sai maganar ƙugiya. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba kowane salon harafi na kwamfuta ke da su ba. Sau da yawa rubutu yana lafiya a kwamfutarka, a buɗe shi a maɗaba'a, ƙugiyoyin su zama akwatuna ko su canza kama a tsakiyar kalma. Charis, Andika, Gentium da Noto duk suna da su, kuma kyauta ne. Kai aikinka a PDF wanda aka cusa haruffan a cikinsa, kada ka kai shi a Word.

Ni Ba'adara ce. In rubuta da Adaranci ko da daidaitacciyar Hausa?

Malama, ga abin da na ga ya fi tafiya: bakin mai ba da labari ya bi daidaitacciya, mutanen cikin labarin kuma su yi magana yadda ake yi a Tawa. Tsohuwar Bagga ko ta Illela da ke zance da Kananci ba wanda zai yarda da ita. In kin kai wa gidan wallafa, ki faɗa musu tun farko cewa da gangan kika yi, kada mai tacewa ya «gyara» miki ita.

A Yamai zan buga ko in tsallaka Nijeriya?

Mutane da yawa suna tsallakawa, musamman tun da naira ta faɗi a 2023. Na Tawa ya bi ta Ƙonni ya shiga Sakkwato, na Maraɗi ya bi ta Katsina, na Damagaram ya miƙe Kano. A nan gida takarda daga waje take zuwa, kuma rufe iyakar Binin a 2023 ya sa kaya zagayowa ta doguwar hanya, abin da ya taɓa farashin komai.

Amma ka haɗa lissafin duka: kuɗin mota, kwana, dakon kwalaye, abin da za a tambaye ka a iyaka, da canjin kuɗi da kan motsa tsakanin ranar ciniki da ranar biya. Abu mafi muhimmanci shi ne kwafin gwaji, wanda masu maɗaba'a a nan ke kira BAT. Kwafi ɗaya ne da ake fitarwa ka duba ka sa hannu kafin a saki inji. Da ka sa hannu, duk kuskuren da ya rage naka ne. Kada ka yarda da hoton waya a madadinsa. Riƙe shi a hannu, duba lambobin shafi, ja bangon ka ga ko gam ɗin yana riƙe, ɗaga takardar ka ga ko rubutun baya yana leƙowa. Takarda mai giram 80 ta fi mai 60 rufe wannan. In ba za ka iya komawa Kano don wannan dubawa ba, kuma ba ka da amintacce a can da ya iya karatun Hausa, buga a inda ƙafarka ke kaiwa. Kada kuma ka biya kuɗin duka kafin ka ga kaya.

An ba ni yarjejeniya. Me zan duba?

Ɗauke ta ka tafi gida. Wanda ya ce sai ka sa hannu yau-yau, ya ba ka dalilin ƙi.

Ba da haƙƙin littafi kamar ba da gona ne: akwai aro na ƴan damuna, akwai sayarwa har abada, kuma a takarda suna iya kama da juna. Duba shekara nawa. Duba wace ƙasa da wane harshe: in Hausa a Nijar kawai za su buga, me ya sa za ka ba su fassarar Faransanci da ta Ingilishi ta duniya baki ɗaya? Duba ko an haɗa da fim, wasan rediyo, da karanta littafin a murya don sakawa a intanet. Ga mai rubutun Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu sauraro sun ninka masu karatu, kuma labarai da dama daga littafi suka tafi fim a Kano. In ba su da niyyar yin komai da waɗannan, ka riƙe abinka.

Sai kaso: daga farashin bango ake cire shi ko daga abin da ya shigo hannun kamfani bayan mai kanti ya ɗebi nasa? Kashi 10 na farko da kashi 10 na biyu ba ɗaya ba ne. Yaushe za a ba ka bayanin ciniki a rubuce? Aƙalla sau ɗaya a shekara ya kamata. Kwafi nawa za a buga, nawa ne naka kyauta, da wane rangwame za ka sayi ƙari? In wata ƙungiya ta sayi dubu a dunƙule da farashi mai sauƙi, yaya kasonka zai kasance? A ƙasar nan irin wannan ciniki shi ne babba, don haka kada a bar shi a baki.

Na ƙarshe, ƙofar fita. A rubuta cewa in littafin ya ƙare a kasuwa ba su sake bugawa ba cikin lokaci kaza, ko in ba su fitar da shi ba sam, haƙƙin ya dawo gare ka. Ka kuma lura da sharaɗin da ke cewa littattafanka na gaba sai ka fara kawo musu.

Yaya zan kare rubutuna daga sata? Kuma mece ce ISBN?

Haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun ranar da ka rubuta, ba sai ka yi rajista ba. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta tsakanin ƙasashe, tana kuma cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kula da haƙƙin mallakar fasaha. Abin da rajista ke ba ka shi ne hujjar kwanan wata in rigima ta taso, kuma ofishin da ke kula da wannan a nan shi ne BNDA. Ajiye tsofaffin kwafin aikinka da saƙonnin da ka tura shi da su.

ISBN lamba ce mai alƙaluma 13 da ke bambanta littafinka da kowane a duniya. Ba ta kare haƙƙi, amfaninta ga kantuna da ɗakunan karatu ne. Gidan wallafa shi ke sa tasa. Mai buga wa kansa a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci yakan nema daga hukumar AFNIL da ke Paris, a Nijeriya kuwa babban ɗakin karatu na ƙasa ke bayarwa. Kada ka bari maɗaba'a ta manna maka lambar wani littafi don kawai bangon ya yi kyau.

Me zai hana in sa shi a waya kawai, in huta da takarda?

Yanzu nan ne mafi yawan masu karatun Hausa suke. Marubuta, galibi mata, suna sakin labari babi-babi a WhatsApp, Facebook da Wattpad, su ba da farkon kyauta, wanda ke son ci gaba ya biya a sa shi a rukuni. Ba kuɗin bugu, ba kwali, kuma kana jin ra'ayin mutane tun labarin bai ƙare ba. Ga sabon marubuci babu wurin gwaji da ya kai wannan araha.

Illarsa sananniya ce. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa ɗari. Wani ya kwashe ya karanta a YouTube ya ci kuɗin talla, wani ma ya cire sunanka. Sa sunanka a cikin kowane babi, kuma kada ka saki dukan littafin a fayil guda. Dandalin ma ba ya dawwama: OkadaBooks, wanda marubutan Nijeriya da yawa suka dogara da shi, ya rufe a 2023. Kullum ka riƙe kwafinka da lambobin masu karatunka a wurinka.

Amazon kuwa yana ba da kashi 70 ko kashi 35 a littafin waya, gwargwadon farashin da ka sa masa. Amma Nijar ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka ana cire kashi 30 daga abin da ka samu a cinikin can, kuɗin kuma sai bayan kamar wata biyu. Fara duba jerin harsunan da suke karɓa da yadda kuɗin zai iso hannunka. Ga mai Faransanci da ke son ƴan ƙasa mazauna waje su samu, yana da amfani. Mai karatunka na Wadata ko na Katako ba can zai neme ka ba.

Bikin ƙaddamarwa ba zai maido mini da kuɗina ba?

Yana iya taimakawa, amma ka lissafa abin da ya shigo hannu, ba abin da aka faɗa a lasifika ba. Alhaji zai miƙe ya sayi kwafi ɗaya a kan jaka 500, a yi tafi, sannan ka shekara kana sintiri a ƙofar ofishinsa. Kuɗin zaure, kujeru, lemo da ƴan jarida kuwa a ranar ake biyansu. Ƙaramin taro a makaranta ko gidan al'adu, inda za ka karanta shafi biyu a yi tambayoyi a sayi littafi a farashinsa, ya fi barin masu karatu na gaske.

Wani mai hali ya ce zai ɗauki nauyin bugun. In karɓa?

Karɓi, bayan kun yi magana a fili kan abin da yake so: sunansa a shafin godiya, hotonsa a bango, ko a cire wani babi. Kowa ya ci ladan kuturu, ya san sauran. In ɗan siyasa ne, ka tuna littafin zai fi kujerarsa daɗewa.

Ina Tawa. Yaya littafina zai kai sauran garuruwa?

Ta hanyar da sauran kaya ke bi. Tsakanin Tawa da Yamai kimanin kilomita 550 ne, kuma motocin Rimbo, STM da Sonef suna ɗaukar saƙo. Mai saye ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, kai ka kai ƙunshi tasha. Abin da kake bukata shi ne mutum ɗaya amintacce a kowane gari, malamin makaranta ko mai kantin kaye da bik, wanda za ka ba kwafi 10, ba 50 ba, da takarda da ya sa wa hannu. In sun ƙare ya biya, ka ƙara masa. Ɗaliban jami'ar Djibo Hamani da gidajen rediyon gari su ne makusantanka, fara da su kafin ka hango babban birni.

Ko gidan wallafa ne ya buga maka, kada ka naɗe hannu. Ka tambaye su a waɗanne garuruwa littattafansu ke samuwa yanzu haka, sannan ka sa wani ya je ya duba.

In na fara buga wa kaina, masu wallafa za su guje ni nan gaba?

A'a. Littafin da ya sayu hujja ce a hannunka. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a Kano a 1990, sai a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi. Abin da zai sa a guje ka shi ne aikin ganganci, ko in ka riga ka sallama haƙƙin ga wani. Gasa ma ƙofa ce: Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ta fito da sunaye da dama da ba a san su ba.

Na aika wa wani gidan wallafa rubutuna, shiru har yanzu. In ci gaba da jira?

Wata uku zuwa shida ba abin mamaki ba ne, domin galibinsu mutum biyu ko uku ne ke yin komai. Bayan wata uku ka tuntuɓa cikin ladabi, ka tambayi ranar da za ka ji amsa. Muddin ba ka sa hannu a komai ba, kana da ƴancin aika wa wasu a lokaci guda, sai dai ka sanar da kowa cewa ka yi hakan. In za ka sake aikawa, haɗa da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, da ƴan layuka kan ko kai wane ne da waɗanda kake ganin za su saya, kuma ka nemi a ba ka shaidar karɓa mai kwanan wata, ko da saƙon waya ne.